Tarihin Peter Tait, masanin da ya gano ilmi a cikin hayaƙi

Peter Guthrie Tait masanin lissafi ne na Birtaniya wanda ya yi amfani da akwatin katako wajen nazarin yadda iska ke murɗawa, aikin da ya buɗe ƙofar wani sabon reshe na ilmin lissafi.

An haifi Tait a ranar 28 ga watan Afrilun 1831 a garin Dalkeith na yankin Scotland. Ya yi karatu a birnin Edinburgh, inda ya yi abota da James Clerk Maxwell, wanda daga baya ya yi suna a fannin lantarki da maganaɗisu. Daga nan ya wuce jami'ar Cambridge, kuma a 1852 shi ne ya zo na ɗaya a jarrabawar lissafi. A 1854 ya zama farfesa a Belfast, sannan a 1860 ya koma jami'ar Edinburgh, bayan da aka zaɓe shi a kan abokinsa Maxwell, wanda shi ma ya nemi kujerar.

A 1858 masanin nan na Jamus, Hermann von Helmholtz, ya nuna ta hanyar lissafi cewa idan ruwa ko iska suka murɗa suka yi zobe, zoben ba zai taɓa wargajewa ba muddin babu gogayya. Tait ya fassara wannan aiki zuwa Turanci, ya kuma so ya ga abin da idonsa.

Sai ya samu akwati, ya huda rami mai da'ira a gefe ɗaya, ya ɗaure ƙyalle a ɗaya gefen kamar fatar ganga. Ya cika akwatin da farin hayaƙi da ya haɗa daga sinadarin amoniya da gishiri da ruwan asid irin na batir. Da zarar an bugi ƙyallen, sai iska ta fito da ƙarfi. Wadda ke tsakiya tana gudu, wadda ke bakin ramin kuma tana jinkiri, don haka sai ta naɗe ta koma baya ta zama zobe mai birgima a kan kansa. Wannan birgima ce ke ba zoben damar ƙetare ɗaki ba tare da ya watse ba. Murɗawar dangi ce ga ta guguwar da ke tashi da ƙura a filayen Kano lokacin bazara, sai dai ita guguwa a tsaye take, wannan kuwa kanta ya haɗu da wutsiyarta.

A farkon 1867 Tait ya nuna wa abokinsa William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, wannan gwaji. Zobban suna karo da juna su yi makyarkyata kamar roba, kuma idan aka kai musu wuƙa sai su kauce. Kelvin ya yi hasashen cewa ƙwayoyin zarra su ma zobba ne da suka ƙulle a cikin wani abu marar ganuwa da masana na lokacin suka yi imanin ya cika sararin duniya, kuma kowane sinadari da irin ƙullinsa.

Domin a gwada wannan ra'ayi, tilas a san ire-iren ƙulli nawa ne ake da su. Daga 1876 Tait ya duƙufa wajen zana su da tsara su bisa yawan wuraren da igiya ke haye kanta. Shi da Thomas Kirkman da Charles Little sun kai ga ƙulle-ƙulle masu mahaɗa goma. Duk wanda ya lura da zanen dagi a bangon gidajen cikin birnin Kano ko a jikin babbar riga, ya ga irin siffofin da suka ɗauke masa hankali.

Hasashen Kelvin dai bai yi ƙarko ba. Gwajin Michelson da Morley na 1887 bai gano wancan abu marar ganuwa ba, kuma a 1897 J. J. Thomson ya gano ƙwayar lantarki a cikin zarra. Amma aikin Tait ya tsira. An tabbatar da wasu daga cikin hasashensa kan ƙulli a 1987, kuma masana na amfani da ilmin wajen fahimtar yadda zaren ƙwayoyin halitta na DNA ke harɗewa. A 2013 masu bincike a jami'ar Chicago ta Amurka sun yi nasarar samar da murɗaɗɗen zobe mai ƙulli a cikin ruwa.

Tait ya kuma yi nazarin yadda juyawar ƙwallon golf ke sa ta daɗe a sama. Ɗansa Freddie, zakaran wannan wasa, ya mutu a yaƙin Afirka ta Kudu a watan Fabrairun 1900. Rashin ya girgiza mahaifin matuƙa, kuma Tait ya mutu a Edinburgh ranar 4 ga watan Yulin 1901, yana da shekaru 70.