Hajiya Barmani Coge: Rayuwarta da Gudummawarta ga Adabin Mata

Gabatarwa

Idan ana zancen makaɗan Hausa na ƙarni na ashirin, sunayen maza ne suka fi zuwa baki, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata da Ɗanmaraya Jos. Mata kuwa sai a ambace su a gurguje, sa'an nan a wuce. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a dubi rayuwar Hajiya Sa'adatu Barmani Coge, a ga yadda ta ɗauko kiɗan da mata ke yi a cikin gida ta fito da shi dandali, da kuma saƙon da ta yi ta isarwa da shi har ƙarshen rayuwarta.

Asalinta da Tasowarta

An haifi Sa'adatu a ƙauyen Gwaigwayi ta ƙasar Funtuwa cikin shekarun 1940. Funtuwa a wancan zamani gari ne na auduga da jirgin ƙasa, wanda baƙi daga ko'ina suke sauka don neman abinci. Inda duk kuɗi da baƙi suka haɗu, to, ba a rasa makaɗa. Shi kansa Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa, ya yi zama a Funtuwa. A cikin wannan hali ne yarinyar ta tashi, tana jin waƙoƙin daka da na niƙa da na gaɗa, kamar sauran tsararrakinta.

An yi mata aure tana da ƙuruciya, bisa al'adar lokacin. Mijin da ta aura makaɗin garaya ne, saboda haka gidan aurenta ya zama mata makarantar waƙa. Maimakon aure ya rufe mata baki, sai ya buɗe mata hanya. Allah ya albarkace su da 'ya'ya da yawa, kuma renonsu bai hana ta sana'a ba. A farkon shekarun 1970 ta tsaya da ƙafafunta a matsayin jagorar ƙungiyar amada.

Kiɗan Amada

Amada kiɗan ƙwarya ne, kuma na mata ne tun asali. Ana kifa ƙore manya da ƙanana, mata su zauna su riƙa kaɗa su, kowace ƙwarya da irin amon da take bayarwa. Jagora tana bayar da waƙa, 'yan amshi suna karɓa. Wurin yin sa shi ne tsakar gida ranar suna ko biki, inda maza ba su shiga. Wannan ne ya ba matan damar faɗin abin da ke ransu ba tare da kunyar surukai ba.

Ba Barmani ce ta fara fito da amada fili ba. Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano ta riga ta yin suna. Abin da Barmani ta yi shi ne ta faɗaɗa jigogin kiɗan, ta kuma dace da zamanin da rediyo da talabijin da kaset suka bazu a ƙasar Hausa. Gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, yana kai murya har Nijar da Gana. Kaset kuwa ya shiga ɗakin da mawaƙiya ba za ta taɓa takawa ba. Ta haka matar da ke kulle a Rijiyar Lemo ko Fagge ta san waƙoƙin Barmani da ka, ko da ba ta taɓa ganin fuskarta ba.

Jigogin Waƙoƙinta

Babban jigonta shi ne neman na kai. A waƙar "A Kama Sana'a Mata" ta yi kira ga mata da kada su zauna jiran abin da miji zai miƙo. A "Sakarai Ba Ta da Wayo" kuma ta yi zambo ga macen da ta ƙi motsawa. Wannan kira ya sami karɓuwa ne domin ya yi daidai da abin da ke faruwa a gidaje. Matan kulle suna suyar ƙosai da ƙuli-ƙuli, suna dafa dan wake, suna ɗinkin hula, yara suna kai musu talla, su kuma suna zuba adashi. Da wannan kuɗi ne uwa take haɗa wa 'yarta kayan ɗaki, ta yi biki, ta riƙe kanta idan aure ya mutu ko miji ya rasu. Barmani ta ɗaukaka wannan wahala ta mayar da ita abin alfahari.

Jigo na biyu shi ne zaman kishi. Ta bayyana fargabar uwargida da rawar kan amarya da habaici mai sa dariya, amma a ƙarƙashin dariyar akwai ciwon da kowace mace ta sani. Ta kuma yi waƙa a kan haihuwa da darajarta. Akwai waƙoƙinta da suka taɓo surar jikin mace, waɗanda wasu suka ɗauka batsa ne. Sai dai ya kamata a tuna cewa irin wannan raha tsohuwar al'ada ce tsakanin mata a gidan biki. Fitowarta fili ce ta zama sabon abu.

Salonta

Wanda ya ga Barmani a fage ya san ba murya kaɗai take aiki da ita ba. Takan tashi ta taka, ta kwaikwayi tafiyar wadda take yi wa zambo, ta juya ga 'yan amshi kamar suna cacar baki. Saboda haka wasanta ya haɗa waƙa da wasan kwaikwayo a wuri guda. Hausarta kuwa ta tsakar gida ce, mai gajerun jimloli da saurin shiga kai.

Rasuwarta

Mijinta na farko ya rasu a 1991, ita kuwa ta ci gaba da sana'arta, tana ɗaukar nauyin iyali da ita. Har tsufa ya kama ta ba ta daina amsa gayyatar biki ba. Allah ya yi mata rasuwa a Funtuwa cikin watan Maris na 2013, bayan ta yi jinya.

Kammalawa

Abin da Barmani ta faɗa wa mata, shi ta aikata da kanta, domin da ƙwarya ta ci, ta sha, ta yi suna. Nauyin da ya rage yana kan ɗaliban Hausa. Waƙoƙinta da dama suna cikin tsofaffin kaset da ke lalacewa, matan da suka yi mata amshi kuma suna ta manyanta. Ya dace a tattara waƙoƙin, a rubuta su, a nazarce su kamar yadda aka yi wa na takwarorinta maza. Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata, amin.