Malam Sa'adu Zungur: Malamin da Ya Koyar da Alli da Waƙa

A bakin mutumin Dogondutsi ko Tibiri, kalmar Arewa sunan ƙasar Arawa ce. A bakin Malam Sa'adu Zungur kuwa, tana nufin jihar sarakuna da ke kudu da iyakar Nijar, wadda Turawan Ingila suka mulka. Wannan Arewar ya yi wa hidima da koyarwa da waƙa, har ajali ya riske shi bai cika shekara 45 ba.

An haifi Ahmad Mahmud Sa'adu a garin Bauchi a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, a gidan malamai. Ya fara da allo, ya sauke Alƙur'ani, ya shiga littattafan fiƙihu da nahawun Larabci. Daga nan aka sa shi makarantar boko a Bauchi, ya zarce Kwalejin Katsina, wadda ta yaye akasarin ƴan bokon farko na Arewacin Nijeriya. A 1934 ya tafi Babbar Kwalejin Yaba da ke Ikko, ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga cikinta. Bai kammala karatu a can ba, amma ya dawo da ƙwarewa a Ingilishi da sanin yadda ƴan kudu ke fafutukar neman ƴanci.

Aikin koyarwa ya kai shi Zariya, inda ya zama malami a makarantar horar da ma'aikatan lafiya. Darasinsa bai tsaya ga ruwan sha da riga-kafin cututtuka ba. Yakan tara matasa masu ilimin boko bayan an tashi aji, su tattauna halin da ƙasa take ciki. Cikin waɗanda suka ɗauki tasirinsa har da Malam Aminu Kano, wanda ya riƙe shi a matsayin malami kuma jagora iyakar rayuwarsa.

Ciwon huhu ne ya raba shi da aji, ya koma gida Bauchi. Amma jinya ba ta rufe masa baki ba. A 1943 aka kafa majalisar taɗi ta Bauchi, inda shi da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suke muhawara a gaban jami'an mulkin mallaka da ƴan majalisar sarki. Da tambayoyi suka fara taɓa ikon sarauta da tsarin mulkin ƙasa ta hannun sarakuna, sai hukuma ta rufe zauren. A 1948 ya tafi Ikko ya riƙe muƙamin sakataren jam'iyyar NCNC ta Nnamdi Azikiwe. Daga baya ya dawo Arewa, ya zama ɗaya daga cikin masu haska wa NEPU hanya, jam'iyyar neman sawaba da aka kafa a Kano a 1950. Kalmar sawaba ɗin nan ita ce kuma ta zama sunan jam'iyyar Djibo Bakari a Nijar, shaidar cewa iyaka ba ta hana kalma tafiya.

Ga ɗalibin kimiyyar harshe, babban gadon Malam Sa'adu yana cikin waƙoƙinsa. Ya gaji rubutacciyar waƙa daga malaman jihadi, da ma'aunin arulin Larabci da amsa-amo, amma ya juya akalarta daga wa'azin lahira kaɗai zuwa al'amuran duniyar da yake gani. A Waƙar Bidi'a ya yaƙi al'adun da ya ga sun saɓa wa addini. A Maraba da Soja ya tarbi dakarun da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, ya ɗaura zancen ƴanci a kan jarumtarsu. A Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ya gargaɗi sarakuna su gyara mulki da adalci da ilimi, tun kafin guguwar zamani ta yi awon gaba da gadon sarautarsu.

Sunan wannan waƙa kaɗai darasi ne. Hausa tana bukatar kalmomin da za ta bambance mulkin zaɓe da mulkin gado, shi kuwa bai aro su daga Ingilishin da ya iya ba. Ya koma ga Larabci, rijiyar da Hausa ta daɗe tana ɗiba, ya zaɓi kalmomin da suka zauna daram a kan tsarin gaɓar harshen, har suka dace da amsa-amon waƙar.

Allah ya yi masa rasuwa a Bauchi ranar 28 ga Janairu 1958. A watan Disamba na shekarar Nijar ta zama jamhuriya, Nijeriya kuma ta bi sahu a 1963, bayan samun ƴancin ƙasashen biyu a 1960. Bai ga ko ɗaya ba. A 1974 Ɗandatti Abdulƙadir ya wallafa littafi kan rayuwarsa da waƙoƙinsa, yau kuma jami'ar jihar Bauchi da ke Gadau tana ɗauke da sunansa. Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna ce makomarsa.