Tarihin Janar Douglas Haig, Wanda Turawan Ingila Suka Kasa Yarda A Kan Matsayinsa

Ranar da aka yi jana'izar Douglas Haig a Landan cikin shekarar 1928, dubban jama'a ne suka cika tituna, cikinsu har da tsofaffin sojojin da suka yi yaƙi a ƙarƙashinsa. Bayan shekara 70, wato a 1998, jaridar Daily Express ta yi kira da a kawar da gunkinsa daga titin Whitehall. Mutumin yana kwance a kabari duk tsawon wannan lokaci, littattafai da wasannin kwaikwayo ne suka sauya masa suna.

An haifi Haig a birnin Edinbura na Sikotilan ranar 19 ga Yuni, 1861, a gidan attajirai masu sana'ar giya. Ya yi karatu a Jami'ar Okasfod, sannan ya shiga makarantar hafsoshi ta Sandhurst, ya fito sojan doki a 1885. Masu karatunmu na Sudan za su so su san cewa yana cikin rundunar Kitchener da ta yaƙi mayaƙan Halifa Abdullahi a Atbara da Omdurman a 1898. Daga nan ya yi yaƙin Afirka ta Kudu. A 1905 ya auri wata daga cikin matan da ke yi wa Sarauniya hidima, kuma kusancinsa da fada ya yi masa rana, domin a Disambar 1915 aka cire John French, aka naɗa shi babban kwamandan sojojin Birtaniya a Faransa.

Abin da ya manne wa sunansa shi ne yaƙin kogin Somme. A ranar farko kaɗai, 1 ga Yuli, 1916, an kashe sojojin Birtaniya 19,240, waɗanda aka kashe da waɗanda aka raunata ko suka ɓata kuwa sun kai 57,470. An ci gaba da gwabzawa har watan Nuwamba, filin da aka ƙwato bai wuce mil shida ko bakwai ba. A 1917 kuma ya tura rundunarsa Passchendaele a Beljiyam, inda ruwan sama ya mai da filin daga taɓo, mutane da dawakai suka riƙa nutsewa. Amma dai wannan rundunar ce, ƙarƙashin Haig, ta soma kora Jamusawa daga Amiens ranar 8 ga Agusta, 1918, har aka tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba.

Bayan yaƙi majalisa ta ba shi kyautar fam 100,000, aka kuma ba shi sarauta. Sauran rayuwarsa ya ƙarar da ita wajen nema wa tsofaffin sojoji haƙƙinsu, shi ne shugaban farko na ƙungiyarsu ta British Legion da aka kafa a 1921. Ya rasu ranar 29 ga Janairu, 1928.

Ƙasa ba ta gama bushewa a kabarinsa ba littattafan tsofaffin mayaƙa irin su Robert Graves da Siegfried Sassoon suka fito, suna nuna yaƙin a matsayin asarar rayuka ta banza. Tsohon firayim minista Lloyd George, wanda dama ba sa ga maciji da Haig, ya caccake shi a littafin tarihinsa na yaƙin, a lokacin da mamaci ba shi da bakin kare kansa. A 1961 Alan Clark ya wallafa The Donkeys, inda ya kwatanta janar-janar da jakuna masu jagorancin zakuna, ya danganta maganar ga wani hafsan Jamus, amma masu bincike ba su gano ta a inda ya ce ba. Sai wasan Oh, What a Lovely War! a 1963, ga kuma waƙoƙin Wilfred Owen da aka riƙa koyar da yara a makarantu. A 1989 shirin barkwanci na Blackadder ya nuna Haig yana share 'yan sojojin wasan yara da tsintsiya yana zubarwa. A ganina wannan ɗan fage ya fi kowane littafin tarihi shiga zukatan mutanen Ingila.

Masana tarihi irin su John Terraine a 1963 da Gary Sheffield a 2011 sun ce ba a yi masa adalci ba. Hujjarsu ita ce Faransa da Jamus sun fi Birtaniya asarar sojoji, babu kuma janar a kowane ɓangare da ya san dabarar keta ramuka da bindigogi masu aman wuta cikin sauƙi, sannan rundunar ta koyi darasi har ta ci nasara. Sun kuma nuna cewa janar-janar 78 na Birtaniya da daularta sun mutu a yaƙin, saɓanin zancen da ake yi cewa duk suna can baya suna hutawa. Sai dai wannan bai wanke Haig a kan nacewar da ya yi a Passchendaele ba bayan damina ta ɓata filin, haka nan shi ne ya sa hannu a hukuncin kisa da aka zartar wa da yawa daga cikin sojoji 306 da gwamnati ta yi wa afuwa a 2006.

Furen takarda ja da ake maƙalawa a ƙirji kowane Nuwamba don tunawa da mamatan yaƙi yana ɗauke da sunan Haig a tsakiyarsa har zuwa 1994, lokacin da aka cire shi. Gunkin nasa kuwa, wanda aka kafa a 1937, ba a taɓa shi ba.