Bob Wills: mai gogen da ya sayar da waƙarsa don biyan bashi

An haifi James Robert Wills, wanda duniya ta sani da Bob Wills, ranar 6 ga Maris 1905 kusa da garin Kosse a jihar Texas ta Amurka. Mahaifinsa manomin auduga ne kuma gwanin goge. Yaron ya tashi yana tsinkar auduga tare da baƙaƙen fata, a wurinsu ya tsinci salon waƙa da ya gauraya da kiɗan gidansu.

Ya yi aski kafin kiɗa ya fara ciyar da shi. A 1931 shi da abokansa suka shiga tallar garin alkama na wani kamfani a rediyo, a Fort Worth. Da suka ɓata da mai gidan a 1933, ya kafa ƙungiyarsa, wadda ta yi suna da Texas Playboys, suka koma Tulsa a 1934. Salon nasu na rawa shi ake kira western swing.

A Nuwamba 1938, a Dallas, ya ɗauki San Antonio Rose a faifai, kiɗa zalla babu baiti. Kamfanin Irving Berlin ya nemi a sa mata kalmomi kafin ya buga ta. A 1940 aka sake ɗaukarta da sunan New San Antonio Rose, Tommy Duncan ya rera, labarin mutum mai begen masoyiyar da ya rasa. A ƙarshen shekarar Bing Crosby ya rera tasa, faifansa ya wuce miliyan 1 a kasuwa. Patsy Cline ma ta rera ta a 1961.

Kuɗi sun shigo, amma riƙonsu ya gagara. Shan giya ya sa yana fashin wasa, kuma a 1948 ya kori Duncan. Ya buɗe babban gidan rawa a Dallas ya damƙa wa manajoji marasa amana. Bashin haraji ya taru, dole ya sayar da kadarorinsa, har da haƙƙin mallakar waƙar da ta ɗaukaka shi. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa barin shago a hannun yaro bai duba littafi ba ya san wannan ciwo.

Bai daina yawon kiɗa ba sai da shanyewar jiki ta kama shi a 1969. A Disamba 1973 tsofaffin yaransa suka taru a Dallas don faifai na ƙarshe. Da dare ciwon ya sake buge shi, bai ƙara farfaɗowa ba. Ya rasu ranar 13 ga Mayu 1975 a Fort Worth, yana da shekara 70.