Giacomo Ciamician: Farfesan da ya shanya kwalabe a rana

Duk wanda ya tashi a Rijiyar Zaki da ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san aikin rana tun kafin a kai shi makarantar allo. Ita ke busar da kauɗa da kuɓewa a kan soro, ita ke nunar da gero da dawa, ita ce kuma ke cinye launin atamfar da aka manta a igiya. Wannan koɗewar ta atamfa ba aikin zafi ba ne kawai. Haske ne da kansa yake shiga cikin rinin yana kakkarya shi. Mutumin da za mu duba rayuwarsa a wannan fitowa ya ƙarar da shekarunsa yana bin diddigin wannan abu: me haske yake yi wa sinadarai, kuma yaya za a sa shi ya yi wa ɗan Adam aiki?

Sunansa Giacomo Ciamician, a bakinmu sai a ce Jakomo Camican. An haife shi ranar 27 ga Agustan 1857 a Tiriyesta, wani gari na bakin teku da ke cikin Italiya a yau, amma a lokacin yana ƙarƙashin daular Ostiriya. Asalin danginsa Armeniyawa ne. Ya yi karatu a Biyena, ya karɓi digirin dakta a Giessen ta Jamus a 1880, a shekarar kuma ya tafi Rum ya zama mataimakin Stanislao Cannizzaro, babban malamin kemistiri na Italiya a wancan zamani. A 1887 ya zama farfesa a Paduwa, a 1889 ya koma Jami'ar Bolonya, ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in duniya, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Ba da haske ya fara suna ba. Ya fara ne da wani sinadari mai suna pyrrole, wanda a lokacin ake tatsowa daga man ƙashin dabbobi. Shi wannan pyrrole yana cikin ginin abin da ke sa jini ja, yana kuma cikin ginin abin da ke sa ganye kore. Daga nan hankalinsa ya karkata ga tsirrai. Ya lura cewa masanin sinadarai ba ya iya haɗa komai sai da wuta mai zafi da asid mai ƙarfi da hayaƙi mai shaƙe mutum, alhali ganye yana haɗa sukari daga ruwa da iska cikin natsuwa, ba murhu ba tukunya, da hasken rana kaɗai. Wannan bambanci ya tsaya masa a rai.

Tun yana Rum, a 1886, ya gwada ajiye wani sinadari mai suna quinone cikin ruwan alkohol a rana, ya ga ya rikiɗe ya zama wani abu daban. Amma aikin gadan-gadan ya kankama ne a Bolonya daga 1900, tare da abokin aikinsa Bajamushe, Paul Silber. To ga inda labarin ya shafe mu. Ɗakin gwajinsu ba na masu hali ba ne, fitilun zamanin kuma ba su da ƙarfin da ake bukata. Maimakon su naɗe hannu suna jiran a kawo kayan aiki, sai suka ɗauki kwalabe da bututan gilashi, suka zuba sinadarai, suka toshe, suka jera su a barandar ginin sashensu inda rana take bugawa. Har yau akwai hoton Ciamician yana tsaye a tsakiyar kwalaben nan, sai ka ce manomi yana zagaya shuka.

Kuma noman ne, don sai an jira. Wata kwalbar makonni, wata watanni. Akwai wani mai da ake samu a jikin wani nau'in na'ana'a, sunansa carvone. Sun bar shi a rana shekara guda cur, da suka buɗe suka tarar da sabon sinadari, suka buga sakamakon a 1908. Sun yi hasashen yadda ƙwayoyinsa suka sake ɗaurewa, amma ba a tabbatar da hasashen ba sai a 1957, lokacin da wasu masana a Amurka suka maimaita gwajin. Ka ji fa, kusan shekara hamsin. Lallai mai haƙuri shi kan dafa dutse. Cikin kimanin shekara goma sha biyar, su biyun nan sun gano yawancin manyan hanyoyin da haske ke sarrafa sinadarai, shi ya sa ake ɗaukar Ciamician a matsayin ɗaya daga cikin iyayen wannan fanni.

A watan Satumbar 1912 aka gayyace shi babban taron masana sinadarai na duniya a birnin Niyu Yok. Lokacin gawayin kwal ne sarki: shi ke jan jirgin ƙasa, shi ke juya masana'antu. Ciamician ya tunatar da mahalarta cewa kwal ba komai ba ne illa hasken rana na dā da tsirrai suka adana a ƙarƙashin ƙasa, kuma ajiya komai yawanta tana ƙarewa. Ya ba da shawarar a koyi dabarar ganye, a riƙa sarrafa hasken kowace rana kai tsaye ya zama makamashi da kayan masarufi. Ya siffanta masana'antu marasa hayaƙi, na gilashi da bututai, shimfiɗe a busassun wurare. Ya kuma yi hasashen cewa ƙasashe masu zafi da sahara, waɗanda Turawan lokacin ke gani a baya, su ne za su fi kowa cin moriyar abin. Ku tuna, a shekarar nan ne jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, kuma da kwal yake tafiya.

Rayuwarsa ba ta tafi sumul ba. An naɗa shi sanata a 1910, an kuma gabatar da sunansa don kyautar Nobel har sau tara, bai taɓa samu ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba shi da Silber, tunda Italiya da Jamus sun zama abokan gaba, aikin kwalabe ya tsaya. Shekarunsa na ƙarshe ya yi su ne yana binciken sinadaran tsirrai tare da Ciro Ravenna. Ya rasu a Bolonya ranar 2 ga Janairun 1922 yana da shekara 64, bai ga ko masana'anta ɗaya daga cikin waɗanda ya siffanta ba. Sashen kemistiri na jami'ar a yau sunansa yake ɗauke da shi.

Shekara hamsin cif bayan rasuwarsa, a 1972, wasu Japanawa biyu, Akira Fujishima da Kenichi Honda, suka nuna cewa titanium dioxide, farin sinadarin nan da ake sawa a fenti, yana taimakawa wajen raba ruwa zuwa iskar haidirojin da oksijin idan haske ya buge shi. Irin wannan sinadari kamar dillali yake: yana haɗa ciniki, shi ba a saye shi ba, ya tashi ya haɗa wani. Sai dai wannan dillalin ba ya aiki sai haske ya taɓa shi. Daga baya aka gane cewa idan aka mayar da shi gari mai laushin gaske, aikinsa yana ninkuwa, kamar yadda dakakkiyar kanwa ta fi dunƙulalliya saurin narkewa, domin fuskar da ke taɓa ruwa ta ƙaru. Laushin da ake magana shi ne ma'aunin nanomita, wato a raba mita ɗaya gida biliyan. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai nanomita dubbai masu yawa. Da irin wannan gari ake gwajin kakkarya rini da kashe ƙwayoyin cuta a cikin gurɓataccen ruwa.

Amma fa aikin bai ƙare ba. Titanium dioxide yana amfani ne da ɗan ɓangaren hasken da ido ba ya gani, wanda bai wuce kusan kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Sauran yana wucewa a banza. Har gobe masana na neman sinadari mai araha da zai kama ragowar.

'Yan uwa ɗalibai, mu da muke zaune a gari mai majemu da marina da masana'antu a Sharaɗa da Challawa da Bompai, inda ruwan da ya fito daga cikinsu kan gangara rafukan da ake noman rani da su, wannan ba labarin Turai ba ne. Gaskiya ne, koke-kokenmu na ƙarancin kayan gwaji da ɗauke wuta ana tsakiyar aiki suna kan hanya, kuma ƙungiya ba za ta daina bibiyarsu ba. Sai dai kafin a kawo, akwai gwajin da kwalba da ruwan rini da littafin rubuta sakamako za su isa a fara shi. Ranar da Ciamician ya yi ta lallaɓawa a Bolonya, yana jiran hunturu ya wuce, mu nan gudunta muke yi muna neman inuwar darbejiya. Idan lokacin zaɓen batun bincike ya zo, a ɗaga kai a dube ta.