Archibald Garrod (1857–1936): Likitan da Ya Bi Sawun Cututtukan Gado

Gabatarwa

A garuruwa irin su Jega da Aliero da Maiyama, akan sami iyaye lafiyayyu su haifi yaro mai amosanin jini, wato sikila, ko kuma iyaye baƙaƙe su haifi zabiya. Sau da yawa akan danganta hakan da sammu ko iskoki, ko a ɗora wa uwa laifi. Wanda ya fara nuna cewa wata cuta ta ɗan Adam tana bin ƙa'idar gado sananniya shi ne wani likita Baturen Ingila mai suna Archibald Garrod.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Garrod a birnin Landan ranar 25 ga Nuwamba, 1857. Mahaifinsa, Alfred Baring Garrod, shahararren likita ne wanda ya yi fice wajen binciken ciwon gaɓoɓi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: bayan Archibald ya karanta kimiyya a Jami'ar Oxford, sai ya koyi aikin likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan. Daga baya ya yi aiki a asibitin yara na Great Ormond Street.

Al'amarin Baƙin Fitsari

Tun farkon aikinsa Garrod ya mai da hankali ga launin fitsarin majiyyata, domin yana ganin akwai labarin jiki a cikinsa. Ta haka ya haɗu da wata cuta da ba a cika gani ba, mai suna alkaftonuriya. Mai wannan cuta idan ya yi fitsari, aka bar shi ya sha iska, sai ya koma baƙi. Idan shekaru suka ja, guringuntsinsa kan yi duhu, gaɓoɓinsa su riƙa ciwo. A yawancin ƙasashe akan sami mai ita ɗaya tak cikin mutum 250,000 zuwa 1,000,000. Likitoci da dama na wancan zamani sun ɗauka ƙwayoyin cuta ne a hanji ke kawo ta.

A shekarar 1901, wata mata da ke da ɗa mai wannan cuta ta sake haihuwa. Garrod ya sa aka lura da ƙunzugun jaririn tun daga ranar haihuwa. A rana ta uku sai baƙin tabo ya bayyana. Wannan ya nuna masa cewa da abin aka haifi yaron. Da ya bincika dangantakar iyayen, sai ya tarar auren zumunci ne. Ya tattaro labarin wasu iyalai, ya kuma ga cewa da yawa daga cikinsu haka suke.

Masanin halittu William Bateson ne ya haɗa wannan da binciken Gregor Mendel kan gadon tsirrai, wanda aka sake tonowa a 1900. Bayanin shi ne, kowane yaro yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wanda ya gaji ƙwaya ɗaya mai tangarɗa lafiyarsa lau, amma yana ɗauke da ita a ɓoye. Sai idan masu ɗauke da ita biyu sun yi aure ne cutar kan bayyana, kuma a kowane ciki yiwuwar hakan ɗaya ce bisa huɗu. Ke nan auren zumunci ba shi ke ƙirƙiro cutar ba. Abin da yake yi shi ne ƙara yiwuwar haɗuwar ƙwayoyi biyu iri ɗaya da suka fito daga kaka guda.

Rubuce-rubucensa

Garrod ya buga sakamakon bincikensa a mujallar Lancet a 1902. A 1908 ya gabatar da laccoci a gaban manyan likitocin Landan, waɗanda suka zama littafi a 1909. A ciki ya kawo lalurori huɗu, har da wadda ke sa a haifi mutum zabiya. Ya bayyana cewa jiki yana sarrafa abinci mataki-mataki, kowane mataki da sinadarin da ke gudanar da shi. Idan aka haifi mutum babu ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai, sai aiki ya tsaya a nan, abin da ya kamata a narkar ya taru a jiki. Ya kuma ƙara da cewa babu mutum biyu da sinadaran jikinsu suka yi daidai ta kowace fuska. Wannan ra'ayi ne tushen abin da ake yi a yau na daidaita magani da ƙwayoyin gadon majiyyaci.

Ƙarshen Rayuwarsa

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aikin likitan soja a tsibirin Malta. 'Ya'yansa maza biyu sun mutu a yaƙin, na ukun kuma annobar mura ta ɗauke shi a 1919. 'Yarsa Dorothy ce ta rage, wadda a 1939 ta zama mace ta farko da ta riƙe kujerar farfesa a Jami'ar Cambridge. A 1920 an naɗa shi babban farfesan likitanci a Oxford. Ya rasu a Cambridge ranar 28 ga Maris, 1936, kafin duniya ta fahimci girman aikinsa. Sai a 1958 aka tabbatar da sinadarin da ya rasu a hantar masu baƙin fitsari, a 1996 aka gano ƙwayar gadon kanta, a 2003 kuma aka kammala babban aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam.

Kammalawa

Sikila tana bin ƙa'idar da Garrod ya bayyana, kuma ita ba baƙuwa ba ce: kimanin ɗan Nijeriya ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayarta, wato AS. Malamin da aka tura firamare a Maiyama ko Jega zai haɗu da ɗalibi mai fashin makaranta saboda ciwon ƙashi, da zabiya wanda ba ya hangen allo sai an zaunar da shi a gaba. Wajibi ne malami ya san cewa gado ne daga ɓangarori biyu, ya hana tsangwama a aji, ya kuma iya yi wa iyaye bayanin amfanin gwajin jini kafin aure.

Tambayoyi

1. Me lura da jaririn nan na 1901 ta nuna wa Garrod?
2. Yi bayanin yadda iyaye lafiyayyu ke haifar yaro mai cutar gado.
3. Kawo hanyoyi uku da malami zai bi ya taimaki ɗalibi mai sikila.