Aby Warburg, Wanda Ya Ba Da Gadonsa Don Littattafai

An haifi Aby Warburg a Jamus cikin 1866, ɗan fari a gidan Yahudawa masu banki. Yana shekara 13 ya bar wa ƙanensa gadon bankin, bisa sharaɗin ya riƙa saya masa duk littafin da ya nema. Cikin 1893 aka buga bincikensa na digirin dakta a kan zane biyu na Botticelli, mutumin Italiya. Ya gwada su da waƙoƙin zamanin mai zanen, ya nuna ba a gane zane sosai sai an karanta abin da mutanen lokacinsa suka rubuta. Ya rasu cikin 1929. Da 'yan Nazi suka hau mulki cikin 1933, aka tsere da littattafansa zuwa London, inda ɗalibai ke amfani da su har yau.